Dalilin da ya sa Windows ke ƙin shiga kile USB ko da akwai fili

Tun daga ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 kamar yadda ya saba, abin da ya sa mutane da dama ke neman a ɗora musu Windows 11. Ana yin wannan aiki da kile USB, wadda kwamfuta ke tashi da ita. Sai dai sau da yawa kile mai jiga 16 ko 32 kan ƙi karɓar fayilolin, ta ce ɗaya daga ciki ya yi girma. Laifin yana ga tsarin da aka shimfiɗa wa kilen.

Asalin matsalar

Yawancin kile na zuwa ne da tsarin FAT32, wanda Microsoft ya fito da shi a 1996. A wannan tsari fayil guda ba ya wuce jiga 4, komai yawan filin da ya rage. Ga shi kuma kwamfutocin zamani na tashi ne da UEFI, wanda ƙa'idarsa ta wajabta masa karanta FAT kaɗai. Shi kuwa install.wim, fayil ɗin da ke ɗauke da Windows ɗin kansa, ya zarce jiga 4 a sababbin fitowa.

Ƙarancin wuri tsohuwar matsala ce. An sayar da Windows 95 a kan ƙananan faifai 13. Faifan CD na ɗaukar mega 700, kuma a 2012 Ubuntu 12.10 ya fi ƙarfinsa, dole aka koma DVD mai jiga 4,7 ko kile.

Hanyoyin warwarewa

Ta farko ita ce manhajar Microsoft ta haɗa kile. Tana matse fayil ɗin ya koma install.esd don ya shiga FAT32. Tana buƙatar kile mai aƙalla jiga 8 da intanet mai ƙarfi, domin sai ta sauko da komai, kuma hakan na cin kuɗi.

Ta biyu ita ce tsaga fayil ɗin da DISM, wanda ke cikin Windows. Yana raba shi gida-gida, install.swm da install2.swm, kowane ƙasa da jiga 4, sannan a haɗe su lokacin ɗorawa.

Ta uku ita ce Rufus, manhajar kyauta da Pete Batard ya fara fitarwa a 2011. Tana mai da kilen NTFS, ta keɓe ɗan wuri na FAT domin kwamfuta ta iya tashi.

Akwai kuma Ventoy, wadda ta fito a 2020. Da ita ana zuba fayilolin ISO da yawa a kile ɗaya, a zaɓi wanda ake so. Wannan ta fi dacewa da masu gyara, tunda saukowa sau ɗaya ta isa kwamfutoci da yawa.

Abin lura

Haɗa kile na share duk abin da ke cikinta, ɗora sabon Windows kuma na iya share na kwamfutar. Don haka a kwashe hotuna da takardu tukuna. A guji kile na jabu, masu nuna girman da ba su da shi, domin sukan lalata fayil ba tare da gargaɗi ba, aikin ya tsaya a tsakiya bayan an riga an share tsohon tsarin.