Masu kwafa da masu kullewa: tarihin yawon rubutun kiɗan Turai

A shekarar 1722 Johann Sebastian Bach, wanda a lokacin yake shugaban makaɗan fadar wani basarake a garin Köthen na Jamus, ya kammala kundin kiɗan da ake kira Das Wohltemperierte Klavier. Yau duk mai koyon fiyano da gaske sai ya bi ta cikinsa. Bach ya rasu a 1750 bai ga kundin nan a buge ba, kuma sai a 1801 maɗaba'u suka fitar da shi. To amma a tsakanin nan kundin bai kwanta a akwati ba. Ɗalibansa sun kwafe shi da hannu, ɗaliban ɗalibansa suka kwafa daga nasu, kamar dai yadda almajirin ilimi a Kano ko Katsina kan ari littafi wurin malam ya zauna da alƙalami da tawada har sai ya mallaki nasa. A haka wani kwafi ya kai garin Bonn, inda wani malamin kiɗa, Christian Gottlob Neefe, ya ɗora ɗalibinsa a kai. Ɗalibin nan shi ne Beethoven, kuma a 1783, bai wuce shekara 12 ba, wata mujallar kiɗa ta riga ta ba da labarin yadda yake kaɗa shi.

Daɗaɗɗen kiɗan Turai a takarda yake zaune. Mai tsara shi kan mutu, makaɗan da suka fara kaɗa shi su bi bayansa, abin da zai rage shi ne layuka biyar da ɗige-ɗigen da ke nuna wace murya za a kama da tsawon lokacin da za a riƙe ta. Saboda haka duk wanda takardar ke hannunsa, kiɗan ma yana hannunsa. Shi ya sa tun fil azal ake ja-in-ja tsakanin masu son kwafa da masu son kullewa, kuma a ganina masu kwafar nan, waɗanda akasarinsu ba a ma san sunayensu ba, sun fi kowa yi wa wannan kiɗa hidima.

Asalin layukan ana danganta shi ga wani malamin coci a Italiya, Guido na garin Arezzo, wajejen 1025. Kafin shi alamomin da ake sa wa a saman kalmomin waƙa tuni kawai suke yi wa wanda ya riga ya haddace. Guido ya jera su a kan layuka, ta yadda mutum zai iya rera abin da bai taɓa ji ba, har Fafaroma John na 19 ya kira shi Roma don ya gani da idonsa. Daga wurinsa ne kuma aka samo tushen do-re-mi ɗin nan da mawaƙan coci a Jos da Kaduna suke koyon waƙa da shi. Ɗab'i ya biyo baya da jinkiri. A 1501 Ottaviano Petrucci ya buga kundin waƙoƙi 96 a birnin Benis, kuma kowane shafi sai an mayar da shi cikin injin har sau uku: layuka daban, alamomi daban, kalmomi daban. Aiki ne mai kyan gani da tsadar gaske, don haka alƙalami ya ci gaba da mulkinsa har ƙarni uku bayan nan.

Shi kansa Bach da kwafar sata ya fara. Iyayensa sun rasu yana ɗan shekara tara, yayansa Johann Christoph ya ɗauke shi zuwa Ohrdruf. Tarihin rayuwarsa da aka buga a 1754, wanda ɗansa na cikin marubutansa, ya ce yayan yana da wani kundin kiɗa da ya hana shi taɓawa, ya kulle a kabad mai ƙofar raga. Yaro ya riƙa zura hannu da dare yana naɗo kundin, yana kwafa da hasken farin wata har wata shida. Da yayan ya gano, sai ya ƙwace kwafin.

Labarin da ya fi wannan yawo shi ne na Miserere, waƙar da Gregorio Allegri ya tsara a shekarun 1630 domin mawaƙan Fafaroma, wadda ake rerawa a Majami'ar Sistina a makon da ke gabanin Ista. A watan Afrilun 1770 Mozart, yana ɗan shekara 14, ya saurare ta, ya koma masauki ya rubuta ta da ka. Mahaifinsa Leopold ya aika wa matarsa wasiƙa yana alfahari, yana cewa waƙa ce da aka haramta wa mawaƙan fitar da ita. Masana tarihi sun rage wa labarin gishiri, domin kwafe-kwafen waƙar sun riga sun fita tun kafin Mozart ya taka Roma, kuma a 1771 wani masanin kiɗa, Charles Burney, ya buga ta a Landan ba tare da kowa ya ce masa uffan ba. Abin da mawaƙan Fafaroma suka riƙe gam shi ne adon murya da suke ƙara wa waƙar, wanda baki da baki suke koyar da shi. Wannan kam babu takardar da ta ɗauke shi yadda yake.

A 1777 doka ta shigo. Ƙaramin 'ya'yan Bach maza, Johann Christian, ya kai kamfanin Longman ƙara a Landan saboda buga kiɗansa ba da izini ba, alƙali Lord Mansfield ya yanke cewa dokar haƙƙin mallakar littattafai ta 1710 ta haɗa da rubutun kiɗa. Duk da haka kwafin hannu bai daina aikinsa ba. Babban kiɗan Bach na Matthäus-Passion da Mendelssohn ya farfaɗo da shi a Balin a 1829, bayan an daɗe da mancewa da shi, daga wani kwafin hannu ne da kakarsa ta ba shi kyauta. Sai a rabin ƙarni na 19 na biyu ne maɗaba'un Leipzig, irin su Breitkopf da Peters, suka karya farashi har takardun suka shiga gidajen talakawa.

Waɗannan tsofaffin bugu na Leipzig su ne suka zama jarin wani ɗalibi a zamaninmu. A watan Fabrairun 2006 Edward Guo, wanda ke karatun tsara kiɗa a makarantar New England Conservatory da ke Boston, ya buɗe wata taska a intanet mai suna IMSLP. Tsarin ba wuya: duk mai tsohuwar takardar kiɗa da wa'adin haƙƙin mallakarta ya ƙare, ya ɗauki hotonta shafi-shafi ya ɗora, kowa ya sauke kyauta. Malaman makaranta, 'yan fansho, ma'aikatan laburare da ɗalibai suka yi caa a kai. Guo ya ajiye taskar a Kanada, kuma da gangan ya yi hakan, domin a lokacin dokar Kanada shekara 50 take ba magada bayan mutuwar mai aiki, alhali Tarayyar Turai 70 take bayarwa.

Wannan tazara ta shekara 20 ita ta jawo masa rigima. Ɗauki Béla Bartók, wanda ya rasu a 1945: a Kanada ayyukansa sun zama na kowa tun 1996, a Turai kuwa sai 2016. A watan Oktoban 2007 lauyoyin kamfanin Universal Edition na birnin Biyana suka aiko da takardar gargaɗi, suna neman a hana mutanen Turai sauke irin waɗannan ayyuka. Guo ɗalibi ne, ba shi da kuɗin lauya. Ranar 19 ga Oktoba ya rufe taskar baki ɗaya, har da Bach da Mozart da babu mai ja a kansu. Ta zauna a rufe sama da wata takwas, sannan ta dawo a ƙarshen Yunin 2008 da sabon tsari: kowane fayil sai an duba matsayinsa a dokokin Kanada da Amurka da Turai, an liƙa masa alama. Ta kuma ɗauki sunan Petrucci. A 2011 ƙungiyar maɗaba'un kiɗa ta Birtaniya ta sa an toshe adireshinta na ɗan lokaci a kan wani aikin Rachmaninoff, amma wannan karon ba a kwana biyu ba aka buɗe. Shi kuwa Guo, daga baya Harvard ya tafi ya karanta lauya.

Ba zan ɗora wa Universal Edition laifi duka ba. Kamfanin nan ne ya zuba kuɗinsa ya buga Mahler da Schoenberg da Bartók a lokacin da masu saurare da yawa ke toshe kunne, kuma shirya takardar babban kiɗa aiki ne na watanni. Ga shi kuma kyauta tana da nata aibin: tsofaffin bugun nan cike suke da kurakurai da ƙarin gishirin editocin ƙarni na 19, shi ya sa har gobe ƙwararru ke sayen bugun kamfanin Henle na Munich, mai komawa ga rubutun hannun mai kiɗan. Inda Universal Edition ya wuce gona da iri shi ne neman dokar Ostiriya ta yi iko da abin da ke ajiye a Kanada.

Sai dai abin da IMSLP ta fi tarawa hoton takarda ne. Ana iya karanta shi, ana iya buga shi, amma ba a iya gyara shi. Shugaban mawaƙan da muryoyin mutanensa ba su kai inda aka rubuta ba, ba zai iya saukar da waƙar ba sai ya sake rubuta ta, kuma kwamfuta ba za ta kaɗa masa ita ya ji ba. Wannan sai fayil na ainihi, wanda aka shigar da kowace alama cikinsa ɗaya bayan ɗaya. Masu sha'awa sun yi wannan wahalar ma. Tun 1998 Rafael Ornes ya kafa taskar CPDL ta waƙoƙin ƙungiya, inda 'yan sa-kai ke sake rubuta tsofaffin waƙoƙi da kwamfuta su raba.

A nan ne sabon kwaɗo ya ɓullo, kuma ba na lauyoyi ba ne. Manhajar Finale ta fito a 1988, Sibelius ta tagwayen nan Ben da Jonathan Finn ta biyo a 1993, kuma kowacce da nata rufaffen tsarin fayil. Ka aika wa abokinka aikin da ka yi wata guda kana yi, ya ce maka ya ƙi buɗuwa. Kamfanonin suka riƙa ba da ƙananan manhajoji kyauta na kallo da saurare kawai, kamar Scorch ta Sibelius, amma kallo ba mallaka ba ne. Wasu suka koma ga MIDI, tsarin 1983 da kowace na'ura ke ganewa, sai dai shi sautin da aka danna da tsawonsa kawai yake riƙewa, ba ruwansa da yadda aka rubuta abin a shafi. A 2000 wani injiniya Ba'amurke, Michael Good, ya fito da MusicXML, tsari buɗaɗɗe da kowace manhaja za ta iya rubutawa ta kuma karanta. Da shi da MuseScore, manhajar kyauta da Werner Schweer ya fara a 2002, suka sauƙaƙa wa mai ƙaramin ƙarfi musayar fayil.

Amfanin buɗaɗɗen tsarin ya fito fili ranar 26 ga Agustan 2024, lokacin da kamfanin MakeMusic ya sanar da cewa ya daina sayar da Finale da inganta ta, ya kuma shawarci jama'a su koma wata manhajar mai suna Dorico. Da farko har ya ce bayan shekara guda ba za a iya ɗora manhajar a sabuwar kwamfuta ba, sai da aka yi masa caa ya janye wannan. Dorico ba ta buɗe fayilolin Finale kai-tsaye. Duk wanda ya tara aikin shekara talatin a ciki, maɗaba'a ce ko malamin makaranta ko shugaban mawaƙan coci, dole ya juye fayilolinsa zuwa MusicXML tun tsohuwar manhajar tana tashi, sannan ya bi su shafi-shafi yana gyara tsarin da ya wargaje a hanya.