Yadda ake cire ɗankon dalma daga jantin mota ba tare da an ɓata fenti ba

Jama'a, duk wanda ya taɓa kai motarsa wurin masu daidaita ƙafa ya san wannan abu: an ɓamɓare tsohuwar dalma, an manna sabuwa, amma wurin tsohuwar ya bar baƙin ɗanko wanda ruwa da sabulu ba sa fitarwa. Da yawa daga cikinmu sai mu ɗauko wuƙa mu hau kankara. To nan ɓarnar take farawa.

Mene ne wannan ɗanko?

Janti, wanda ƴan'uwanmu na Nijeriya ke kira rim, iri biyu ne. Na baƙin ƙarfe ana maƙala masa dalma a baki. Na alminiyam kuwa, irin wanda ke zuwa da motocin Turai ta Kwatano ko Lome, ana manna masa ita daga ciki, ƴan guntaye masu giram 5 ko 10, da wani soso mai gam fuska biyu. Dalma muke ce mata har yau, amma tun 2005 Tarayyar Turai ta hana yin ta da dalma, yanzu yawanci tutiya ce ko ƙarfe. Zafin birki da zafin ranarmu su ke gasa gam ɗin har ya kafe.

Jantin alminiyam yana da fenti, a bisa fentin kuma akwai wani siririn rufi mai ƙyalli. In aka karce shi, ruwa zai shiga, wurin ya yi fari-fari yana ɓarewa. Ranar saida mota, dillali zai nuna maka wurin ya rage kuɗi.

Yadda za a yi

1. A bari ƙafar ta huce in an dawo daga tafiya, a wanke ta da ruwa da sabulu. Ƙasarmu ta rairayi ce, in aka goga tsumma bisa ƙura, ƙurar ce za ta karce fentin.
2. A ɗan ɗumama wurin da na'urar busar da gashi, ko a kwance ƙafar a aje ta rana. Ɗumin da hannu zai iya jurewa ya isa. Kada a kusanto da wuta.
3. A kankare soson a hankali da abin roba, kamar tsohon katin da ake ɓalle sim daga jikinsa.
4. Abin da ya rage a shafa masa WD-40 ko kananzir kaɗan, a ba shi kamar minti 5. A ƙauye in babu su, man gyaɗa ma yana yi, sai dai yana son jira.
5. A murza da tsumma mai laushi. In bai fita duka ba, a sake. Sau uku da haƙuri ya fi sau ɗaya da ƙarfi.
6. A sake wankewa da sabulu, a goge da alkol na farmasi don maiƙon ya fita.

Kowane abu za a shafa, a fara gwada shi can ciki inda ido ba ya gani.

Abubuwan da za a guje wa

Wuƙa, reza, sukundireba da soson ƙarfe duk suna karce rufin. Asetan, wato ruwan goge jan farce, da ruwan tsinka fenti suna dushe ƙyallin ko su narkar da shi. Man birki yana cin fenti. Fetur kuwa, ko da ya fidda ɗanko, haɗarin gobara ne kusa da ƙarfe mai zafi.

Inda maganar ta shafi rai

Kada a fesa mai kai tsaye in ƙafar tana jikin mota. A zuba a tsumma, domin in maiƙo ya taɓa faifan birki, birkin ba zai kama da kyau ba. Haka kuma sabuwar dalma ba ta zama bisa maiƙo ko tsohon ɗanko. Za ta faɗi a hanya, kana tsakanin Maraɗi da Damagaram ka ji sitiyari na rawa da ka kai gudun kilomita 90 ko 100, taya kuma ta dinga cinyewa ba daidai ba.

Don haka in kun kai mota a daidaita ƙafa, ku tsaya ku ga an share wurin ya bushe kafin a manna. Ƴan'uwa na waje da ke aiko wa gida motoci, ku isar wa direbobinku da wannan bayani. Allah ya kiyaye hanya.