Teburin Dickens da Kujerarsa

A gida mai lamba 48 da ke titin Doughty a birnin Landan, akwai wani tebur na katako mai duhu, samansa a ɗan karkace don sauƙin rubutu, ga kujera a gabansa. Kayan marubuci Charles Dickens ne. Ya zauna a gidan daga 1837 zuwa 1839 yana sabon aure, a nan ya kammala littafin Oliver Twist, a 1925 kuma aka mai da gidan wurin adana tarihinsa.

Teburin dai ba a wannan gida mai shi ya yi amfani da shi ba. Mazauninsa gidan Gad's Hill ne, a yankin Kent. Tun Dickens yana yaro mahaifinsa kan nuna masa wannan katafaren gida, ya ce in ya dage wata rana zai iya mallakarsa. Mahaifin nan bashi ya kai shi kurkuku a 1824, yaron kuwa, ɗan shekara 12, aka tura shi masana'antar man goge takalmi yana liƙa takarda a jikin kwalabe. A 1856 Dickens ya sayi gidan Gad's Hill da guminsa. Shi ya sa nake ganin girman teburin nan ƙwarai: wanda talauci ya taɓa raba shi da makaranta, shi ya zauna a gabansa ya rubuta Great Expectations.

Ranar 9 ga Yuni 1870 rai ya yi halinsa, ya bar The Mystery of Edwin Drood a rabi. Luke Fildes, matashin da ke yi wa littafin zane, ya je Gad's Hill ya zana ɗakin karatun, kujera a ture gefe babu kowa a kanta. Mujallar The Graphic ta buga zanen a ƙarshen shekarar, daga nan kujerar ta yi suna.

Iyalan sun riƙe kayan fiye da ƙarni guda. A 2008 aka yi gwanjonsu don tallafa wa asibitin yara na Great Ormond Street. Sai a 2015 gidan tarihin ya saye su da tallafin fam 780,000 daga asusun adana kayan gado na Birtaniya. Kuɗi ne masu yawa, amma a ganina ba a yi asara ba, domin da sun ƙare a falon wani attajiri, da talaka bai ƙara sa su a ido ba.