Wa Ke Biyan Kuɗin Haske? Wani Wasan Japan a Ma'aunin Tafkin Kainji

A ranar 31 ga Janairun 1997, kamfanin Square da ke birnin Tokyo ya fitar da wani wasan bidiyo a kan faifai uku na na'urar PlayStation, mai suna Final Fantasy VII. Waɗanda suka saba da irin waɗannan wasanni sun san abin da ke jiransu a al'ada: dodo, mugun sarki, ko mayen da ya sace gimbiya. A wannan karon, abokin gaba na farko da ɗan wasa ya yi arba da shi kamfanin wutar lantarki ne.

Shekara 29 kafin haka, a 1968, ruwan Neja ya fara taruwa a bayan madatsar Kainji, yana hawa sannu a hankali har ya shanye tsibirai da gonaki da kushewu a ƙasashen Yauri da Borgu. Waɗanda suka tsara wasan ba su da wata alaƙa da wannan tarihi. Duk da haka, mutumin Ngaski ko Shanga da ya zauna ya buga shi yana riƙe da ma'aunin da yawancin masu sharhi a Turai da Amurka ba su da shi, domin tambayar da ke tsakiyar labarin, wato wa ke ɗaukar asara idan wasu suka sami haske, tambaya ce da kakanninsa suka amsa da gidajensu.

Daga tebur zuwa talabijin

Nau'in wasan da ake magana a kansa shi ne wanda ɗan wasa ke shiga rigar wani jarumi, ya yi tafiya da shi gari bayan gari, ya yi yaƙi, ya ƙara ƙarfi, har labari ya kai ƙarshe. Tushensa a Amurka yake. A 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka wallafa Dungeons & Dragons, wasan da ake yi a kan tebur da takarda da alƙalami, inda mutum guda ke ba da labari, sauran kuma kowa ya ɗauki matsayin wani a cikinsa. A 1981 wasannin Wizardry da Ultima suka mayar da wannan tsari cikin kwamfuta. Amma masu wahalar koyo ne, kuma kwamfuta a lokacin kayan 'yan ƙalilan ce.

Abin da Japanawa suka yi shi ne sauƙaƙawa. A watan Yulin 1983 Nintendo ya fitar da Famicom, na'urar da ake jona wa talabijin na gida. A wannan shekarar wani marubuci mai suna Yuji Horii ya halarci baje kolin kwamfuta a San Francisco, ya ga Wizardry, ya koma gida da tunanin yadda yaro ɗan firamare zai iya buga irinsa da maɓallai biyu. Sakamakon shi ne Dragon Quest, wanda kamfanin Enix ya fitar a 27 ga Mayun 1986. Akira Toriyama, mai zanen Dragon Ball, shi ya zana dodanninsa, Koichi Sugiyama kuma ya tsara kiɗansa. Kaset ɗin ba ya iya adana inda mutum ya tsaya, saboda haka sai ɗan wasa ya kwafi wasu haruffa 20 a takarda, ya shigar da su washegari. Kuskuren harafi guda na iya cinye aikin yini.

Kasuwa ta karɓa. Lokacin da kashi na uku ya fito a 10 ga Fabrairun 1988, an yi layuka masu tsawo a gaban shaguna, 'yan sanda kuma suka tattara ɗaruruwan ɗaliban da suka gudu daga makaranta don su saya. Watanni biyu kafin wannan, a Disambar 1987, Hironobu Sakaguchi na kamfanin Square ya fitar da Final Fantasy na farko. Gasar da ke tsakanin gidajen biyu ita ta raini nau'in har zuwa 2003, lokacin da suka haɗe suka zama Square Enix.

Yadda ake buga shi

Wanda ya saba da wasan ƙwallo ko na dambe a na'ura zai fara ganin wannan nau'i kamar ba shi da kuzari. Ba saurin yatsa ake nema ba. Idan faɗa ya tashi, kowane jarumi yana jiran lokacinsa, ɗan wasa ya zaɓar masa abin yi daga jerin umarni: ya kai sara, ya yi tsafi, ya sha magani ko ya kare kansa. Ya fi kama da dara, inda lissafi ke gaba da gaggawa.

Amma zuciyar wasan tana cikin gari. Ana shiga ƙauye, a zaga kasuwa, a kwana a masauki, a tsaya gaban kowane mutum a ji abin da zai ce. Tsohuwa za ta yi ƙorafin ɗanta da ya tafi birni, yaro zai faɗi abin da ya gani a bayan gari. Kowane gari da kiɗansa. Bayan awa talatin ko arba'in, ɗan wasa ya san waɗannan wurare kamar yadda fatake suka san zangonsu. Wannan sabo shi ne jarin mai tsara wasa, domin sai ka san gari kafin rushewarsa ta yi maka ciwo. Idan ana neman ma'auni guda na gane wasa mai kyau a wannan nau'i, to wannan ne: ya sa ka san wuri, sa'an nan ya nuna maka abin da iko ke yi wa wurin.

Garuruwa uku

Final Fantasy VII, wanda Yoshinori Kitase ya jagoranci aikinsa, Nobuo Uematsu ya yi masa kiɗa, ya gina labarinsa a kan kamfanin Shinra, wanda ke zuƙo wani sinadari mai suna Mako daga cikin ƙasa yana mayar da shi lantarki. Mako kuwa shi ne ran duniyar kanta. Garuruwa uku sun isa su nuna abin da wasan ke nufi.

Na farko Midgar, babban birni mai tashoshin wuta takwas. An gina shi hawa biyu: masu hali a sama a kan wani makeken faranti, talakawa a ƙasa inda rana ba ta isa. Da kamfanin ya so murƙushe 'yan tawayen da ke ɓoye a unguwa ta bakwai, sai ya sako musu farantin da ke kansu, ya binne unguwar da mutanenta. Kafin wannan, ɗan wasa ya riga ya zauna a unguwar, ya san shagunanta.

Na biyu Junon, ƙauyen masunta da aka gina sansanin soja a samansa. Ruwan ya gurɓace, kifi ya ƙaura, tsofaffi suka rage suna zaune a inuwar ginin da ba su nema ba.

Na uku Corel, garin masu haƙar kwal, kuma nan ne labarin ya fi nauyi. Barret, jagoran 'yan tawayen, yana cikin waɗanda suka lallashi mutanen garinsu su amince a gina musu tashar Mako, saboda ya gaskata cewa ci gaba ne. Amininsa Dyne ya ƙi. Da aka sami fashewa a tashar, kamfanin ya ɗora wa mutanen gari laifi, ya ƙone garin. Fushin Barret, ashe, rabinsa da kansa yake yi.

Abin da ya faru a bakin Neja

An kafa Hukumar Madatsun Neja a 1962, aka fara ginin Kainji a 1964, kamfanin Impregilo na Italiya ya yi aikin, aka kammala a 1968. An tsara injuna 12, aka girka 8 masu ƙarfin megawat 760. Tafkin da ya samu ya miƙa kusan kilomita 136, daga bakin madatsa har zuwa kusa da Yelwa. Kimanin mutum 44,000 aka tayar daga ƙauyuka fiye da 200. Tsohuwar Bussa, inda Mungo Park ya halaka a 1806 bayan ya wuce Yauri, ta nutse, aka gina Sabuwar Bussa a madadinta.

A ɓangaren Yauri, waɗanda abin ya fi shafa sun haɗa da Gungawa, mutanen tsibirai da suka shahara da noman albasa a bakin ruwa, da Kambari da Lopawa da sauran maƙwabtansu. An gina musu gidajen siminti a tudu bisa zanen wani Bature, Robin Atkinson. Gida dai an samu, amma tsibiri ba a ɗauke shi a kai tudu, haka ma fadamar da kogi ke sabunta wa taki kowace shekara. Kifi ya yi yawa a shekarun farko na tafkin, ya jawo masunta daga nesa, daga baya kamun ya ja baya. Wutar kuwa ta bi manyan layuka zuwa biranen ƙasa, wani layin ya nufi Birnin Kebbi, daga can har Yamai. Sai a 2010 aka yi dokar kafa HYPPADEC, hukumar raya yankunan da ke samar da wutar ruwa, kuma ta ɗauki kusan shekara goma kafin ta fara aiki.

Japan ma ta san wannan ciwo. A 1987, shekarar da aka haifi Final Fantasy, aka shafe ƙauyen Tokuyama na lardin Gifu daga jerin ƙananan hukumomi saboda madatsar da aka kammala a 2008. Wata dattijuwar ƙauyen, Tazuko Masuyama, ta ɗauki ƙaramar kyamara tun tana da shekara 60, ta yi ta ɗaukar hotunan maƙwabta da gonaki da bukukuwa, har suka kai kimanin 100,000. Ta yi da kyamara abin da wasan ke sa ɗan wasa ya yi da ƙafa: ta tsaya gaban kowa kafin ruwa ya zo.

Dalilin da bai zauna a gidajen gem ba

Na'urorin Japan sun shigo Arewa da ƙarfi, amma wannan nau'i bai biyo su ba. Abin da ya mamaye gidajen gem shi ne ƙwallo, musamman Winning Eleven da PES na kamfanin Konami, sai wasannin faɗa. Dalilin a fili yake. Mai gidan gem da wasa-wasa yake karɓar kuɗi, minti goma a tashi wani ya zauna, ga 'yan kallo suna ihu. Wasan da mutum ɗaya zai riƙe na'ura awa arba'in yana karanta Turanci shiru ba ya biyan kuɗin man janareto.

Akwai kuma matsalar wuta. A Final Fantasy VII, idan ana cikin gari ko kogo, ba a adana ci gaba sai an isa wasu wurare na musamman, kuma sai da katin ajiya. An tsara haka ne domin gidan da ba a ɗauke wa wuta. A ƙasar NEPA, hukumar da aka kafa a 1972 ta hanyar haɗe Hukumar Madatsun Neja da ta lantarki, awa guda ta wasa na iya tafiya cikin ƙiftawar ido. Yaron da aka tashi kakansa domin a samar da lantarki shi ne wanda lantarki bai bari ya ga ƙarshen labarin ba.

Hukunci

Wasan yana da aibobinsa. Fassarar Turancinsa ta farko cike take da tuntuɓe. Faɗace-faɗacen da ke faɗo wa mutum ba zato a kan hanya suna gajiyarwa. Siffofin mutanen sun tsufa, abin da ya sa aka sake gina shi a 2020 da 2024. Babban rauninsa kuwa a labari yake: daga tsakiya, hankali ya bar kamfanin ya koma kan Sephiroth, mugu mai dogon takobi wanda za a iya kashewa a huta.

A nan ne mai duban Kainji zai fi kowa ganin giɓin. Shugabannin Shinra azzalumai ne da ba su ɓoye zaluncinsu. Waɗanda suka gina Kainji ma'aikata ne na sabuwar ƙasa mai bukatar wuta domin asibitoci da masaƙu da makarantu, kuma wutar ta yi amfani. Tarihi irin wannan ba shi da dodon ƙarshe da za a sare. Abin da yake da shi bashi ne, wanda aka ci da sunan kowa, aka bar wa wasu ƙalilan biya.

Amma inda wasan ya yi gaskiya, ya yi ta sosai. Bai wanke 'yan tawayensa ba, domin akwai wurin da aka tuhumi Barret da rayukan da bam ɗinsu ya ci. Bai mayar da mutanen ƙasan faranti adadi ba, ya ba kowannensu baki. Rahoton hukuma zai ce mutum 44,000. Wasa irin wannan zai sa ka shiga gida-gida, ka ji sunan kowace unguwa, kafin ya sako ruwa.

Waɗanda suka rayu a tsibiran Yauri kafin 1968 suna da wayo, yau sun haura shekara sittin da biyar. Su kaɗai suka san inda kasuwa take, da mashigin da ake ɗaure jirage, da wanda gonarsa ke maƙwabtaka da ta wane. Japanawa sun ƙirƙiro wani salo na ba da labari wanda ginshiƙinsa shi ne a zaga gari a saurari kowa, kuma kayan haɗa irinsa, kamar manhajar RPG Maker, suna hannun duk mai kwamfuta. Ko da wasa za a adana waɗannan garuruwa, ko da littafi, ko da rikoda, aikin farko ɗaya ne, kuma masu amsa tambayoyin suna raguwa kowace damina.