Taɓawa Uku: Abin Da Tarihin Ƙwallon Raga Ya Koya Mini A Yamai

Wata ranar Laraba da yamma, shekaru kaɗan da suka wuce, na ɗauki 'yan matan makarantarmu muka je karawar ƙwallon raga da wata makaranta a nan Yamai. Yarana sun fi abokan karawarsu tsawo, sun fi su ƙarfin damtse, kuma wata uku cur muka yi muna atisayen dukan ƙwallo daga saman raga, abin da yara ke kira simash. Ban yi shakkar komai ba. Kafin a kira magariba an cinye mu turmi biyu a jere, simash ɗin da muka sha wahala a kansa kuwa ko sau biyar ba mu samu damar yin sa ba.

Ina tattara kaya sai wani dattijo, tsohon malamin wasannin motsa jiki da ya yi ritaya, ya matso kusa da ni. Ya ce, "Mushe, a wace shekara ka koyi wasan nan?" Na ce, "A 1995, Baba, ina kolej." Ya yi murmushi ya ce, "Na gani a jikin yaranka. An canja wasan a 1999, kai kuwa ƙidayar maki kaɗai ka canja." Ya miƙo mini wata 'yar takarda da yake ta jan layi a kanta tun farkon wasa. Fiye da rabin makin da aka ci mu, mu muka bayar da hannunmu: ko sabis ɗinmu ya faɗa raga, ko ya fita waje, ko kuma ƙwallo ya zo yara biyu sun tsaya suna kallon juna har ya sauka tsakaninsu.

Maganar ta yi mini zafi. Ni malamin aji ne, daga makarantar horon malamai ta Mali Bero da ke Dosso na fito, horar da ƙwallo kuwa sha'awa ce ta kai ni. Amma tun da waiwaye adon tafiya ne, sai na koma na bi tarihin wasan daga tushe. Abin da na gano shi ne, kowace dabara da kowace doka ta ƙwallon raga an kawo ta ne don ta warware wata matsala, kuma malamin da ya san matsalar shi ya san abin da zai fara koya wa yaro. Ina wannan rubutu ne domin 'yan'uwana malamai masu horar da yaran da suka wuce matakin farko, wato 'yan shekara 13 zuwa 16 da suka iya tura ƙwallo ya haye raga amma ba su iya gina wasa ba, da kuma iyayen waɗannan yara.

Malami ne ya ƙirƙiro wasan. Sunansa William G. Morgan, yana koyar da motsa jiki a ƙungiyar YMCA ta garin Holyoke, jihar Massachusetts ta Amurka, a 1895. Shekara huɗu kafin nan James Naismith ya ƙirƙiro ƙwallon kwando a Springfield, garin da ke kusa da su. Sai dai ɗaliban Morgan magidanta ne 'yan kasuwa, ture-ture da guje-gujen kwando sun yi musu yawa. Sai ya ɗaura raga a tsakiya, tsayinta ƙasa da mita biyu kaɗan, don kada jikin wani ya taɓa na wani. A dokokinsa na farko ba a ƙayyade yawan 'yan wasa ba, ba a kuma ƙayyade sau nawa za a taɓa ƙwallo kafin a tura shi ba. Duk wanda ya leƙa filin makarantunmu lokacin shan iska zai ga wannan wasa na 1895 da ransa: yara goma nan, goma can, kowa na bugu ta inda ya samu.

Wani babban canji daga ƙasar Filifin ya zo, wajen 1916. 'Yan wasan can suka gano cewa idan mutum ɗaya ya ɗaga ƙwallo sama kusa da raga, wani zai iya tsalle ya doka shi ƙasa da ƙarfi. A 1920 aka kafa dokar taɓawa uku. Daga nan wasan ya samu ƙashin bayansa: ɗaya ya karɓa, ɗaya ya ɗaga, ɗaya ya doka. A lura da jerin. Simash shi ne na uku, ba ya samuwa sai na farko da na biyu sun yi kyau. Ni kuwa wata uku na yi ina koyar da na ukun, ina jefa wa yara ƙwallo da hannuna daidai inda suke so, alhali ranar karawa babu mai jefa musu.

Sojojin Amurka sun yaɗa wasan a Turai lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. A watan Afrilu na 1947 ƙasashe 14 suka haɗu a Paris suka kafa hukumar ƙwallon raga ta duniya, FIVB, da Bafaranshe Paul Libaud a matsayin shugaba, kuma Masar na cikin waɗanda suka kafa ta. Mu nan Nijar ta ƙofar lakwal muka san wasan, shi ya sa har yau kalmominsa a bakin yaranmu na Faransanci ne: sabis, fas, manshet, simash.

Da dukan ƙwallo ya yi ƙarfi, karɓarsa da yatsu ta zama wahala. A ƙarshen shekarun 1950 'yan wasan Cekoslobakiya suka fito da karɓa da damatsan hannu biyu a haɗe, wato manshet. Sai kuma Japan. Wani mai horarwa, Hirobumi Daimatsu, ya tara 'yan mata ma'aikatan masaƙar Nichibo da ke Kaizuka kusa da Osaka, suna tashi aiki su shiga atisaye. Ya san ba za su kamo matan Tarayyar Sobiyet a tsawo ba, don haka ya zuba ƙarfinsa kan karɓa da sabis. Ya koya musu su faɗi su karɓi ƙwallo, su mirgina su miƙe nan take, ya kuma koya musu sabis mara juyi wanda ke karkacewa a iska. Suka ci gasar duniya a Mosko a 1962, suka kuma ci zinare a Tokyo a 1964, shekarar da ƙwallon raga ya fara shiga wasannin Olamfik. Horon Daimatsu mai tsanani ne ƙwarai, ba na shawartar kowane malami ya kwaikwayi tsananin. Darasin da ke ciki shi ne gajeru sun kayar da dogaye saboda sun hana ƙwallo taɓa ƙasa.

A 1972, a Munich, inda ɗan dambenmu Isaka Dabore ya samo wa Nijar lambar Olamfik ta farko, mazan Japan suka ci zinaren ƙwallon raga ƙarƙashin Yasutaka Matsudaira. Su kuma da sauri suka yi nasara: mai ɗaga musu ƙwallo, Katsutoshi Nekoda, yana ba da fas gajere cikin ƙiftawar ido kafin masu tarewa su yi tsalle. Tun daga lokacin aka san mai ɗagawa shi ne ƙwaƙwalwar ƙungiya. A wannan shekara ce kuma aka kafa hukumar ƙwallon raga ta Afirka, CAVB, wadda Nijar ke cikin shiyyarta ta uku tare da Najeriya, Benin, Burkina Faso, Gana, Togo da Kwaddibuwa.

Yanzu mu zo ga abin da dattijon nan yake nufi. A wasan da na koya a 1995, mai sabis kaɗai ke cin maki, kuma a maki 15 turmi ke ƙarewa. Idan sabis ɗinka ya lalace, ba a ci ka komai ba, ƙwallo kawai ka miƙa wa abokan karawa. Saboda haka mun tashi muna narka sabis da iya ƙarfinmu, in ya shiga riba, in ya fita ba asara. A 1998 hukumar duniya ta kawo libero, ta kuma amince da sabuwar ƙidaya da ta fara aiki a 1999: kowane ƙwallo da ya mutu maki ne, ko wa ya yi sabis, turmi a 25, na biyar a 15, da ratar maki biyu. Wasannin Sydney na 2000 su ne Olamfik na farko da aka yi da waɗannan dokoki. Ma'anar wannan ga mai horarwa a fili take. Sabis ɗin da ya faɗa raga yanzu kyautar maki ce. Ƙungiyar da ta iya karɓar sabis ta gina taɓawa uku tana cin maki kai tsaye, a da kuwa ƙwallo kaɗai take ƙwatowa. Na san dokar, ina ƙidaya har 25 kamar kowa, amma tunanina na 1995 ne, kuma shi na zuba wa yarana.

Ga abin da na canja. Muna da awa ɗaya da rabi bayan la'asar, lokacin da rairayi ya huce. Rabin lokacin yanzu na sabis da karɓa ne, a haɗe. Nakan zana murabba'i biyu da toka a kusurwoyin baya na fili, wato gida na 1 da na 5, kowace yarinya sai ta shigar da sabis goma a jere cikin fili kafin in bar ta ta fara nufin murabba'in, sai ta iya nufi kafin mu yi maganar ƙarfi. A ɗaya ɓangaren masu karɓa biyar suna tsaye kamar harafin W, kowacce ta san gidanta, kuma duk wadda ƙwallo ya nufo sai ta ɗaga murya ta ce "Nawa ne!" Wadda ta karɓa shiru, ko ya yi kyau, ba na ƙidaya shi. Da lokacin hunturu, idan iska ta taso, nakan juya su su yi sabis da iska a gaba da kuma a baya, domin filayenmu ba su da rufi irin na Palais du 29 Juillet.

Na daina jera yara ashirin suna jiran ƙwallo ɗaya. Fili mita 18 ne a tsaye, 9 a kwance. Nakan ja igiya ta tsawonsa in raba shi ƙananan filaye, a yi biyu da biyu ko uku da uku. A nan babu mai ɓuya, kowa sai ya karɓa, ya ɗaga, ya doka. Ƙungiyar da ta ci bayan taɓawa uku nakan ba ta maki biyu, wadda ta tura da taɓawa ɗaya ba ta da komai ko ƙwallon ya faɗi. Ragar manya mita 2.43 ce ga maza, 2.24 ga mata, amma ga 'yan shekara 13 nakan sauke ta har sai hannu ya saba.

Wajen tsari kuma, kada malami ya yi gaggawar kwaikwayon abin da ya gani a talabijin. Manyan ƙungiyoyi suna wasa da mai ɗagawa ɗaya da masu duka biyar. Wannan yana bukatar yarinya ta taso a guje daga layin baya ba tare da ta karya dokar jerin gidaje ba. Ga masu matsakaicin mataki, masu ɗagawa biyu da masu duka huɗu ya fi: a sa su suna fuskantar juna a jerin zagayawa, ta yadda kullum ɗaya tana gaban raga. In sun shekara a kan haka sun fahimci zagayawa, sai a ci gaba.

Libero kuwa ya ceto mini wata yarinya. Ita ce mafi gajarta a cikinsu, kuma bayan karawar nan ta daina zuwa, ta ce wa ƙawayenta wasan na dogaye ne. Na je gidansu na gaida mahaifinta, na ce, "Alhaji, akwai gida ɗaya a fili da aka ware domin irin 'yarka." Libero yana sa riga daban, yana wasa a layin baya kaɗai, ba ya tarewa a raga, ba ya dukan ƙwallo daga samanta, aikinsa karɓa. Ta dawo. A shekarar da ta biyo baya, da ƙwallo ya haye raga sai ka ji muryarta kafin ta kowa.

Ga iyaye, musamman iyayen 'yan mata, ina da magana ɗaya. Na sha ganin yarinya ta kai shekara 14, daidai lokacin da hannunta ya fara nuna, sai a ce ta girma ta bar filin. Ku tuna dalilin da ya sa Morgan ya ɗaura raga: don kada jiki ya haɗu da jiki. Yaranmu da dogon wando da ɗankwali suke wasa. A Rio, a 2016, inda Abdul Razak Alfaga ya samo mana azurfa a taikwando, 'yar Masar Doaa Elghobashy ta buga ƙwallon raga na rairayi da hijabinta a gaban duniya. Matan Kamaru sun ci kofin Afirka sau uku a jere, 2017, 2019 da 2021, matan Kenya kuma sun daɗe suna riƙe da tutar nahiyar. Mazanmu na Nijar sun je gasar Afirka a Kigali a 2021, wadda Tunisiya ta ci. Duk wanda ya sa rigar ƙasa, a wani filin makaranta ya fara, wani malami ya tsaya masa, wani uba kuma ya bar shi ya je.

Takardar dattijon nan tana cikin littafina har yanzu. Duk karawa nakan ba wani ɗalibi fensir ya zauna gefe yana jan layi: makin da aka ci mu da ƙarfi daban, wanda muka bayar da kanmu daban. Ina shawartar kowane malami ya gwada wannan sau ɗaya kafin ya tsara atisayen mako mai zuwa. Allah Ya yi wa yaranmu albarka, Ya saka wa malaman da suka riga mu da alheri.