Karan Dawa da Ɓawon Gyaɗa a Murhun Ƙasar Kano

Tun kafin Turawa su ci Kano a 1903, dajin da ke kewaye da birni ya riga ya zama gonaki, itatuwan da suka rage, irin su ɗorawa, kuma duk da masu su. Shi ya sa manomi ba ya barin karan dawa a gona. Mai ƙwari na danga ne, sauran na murhu, tokarsa kuwa a tace a yi sabulu. Da jirgin ƙasa ya iso a 1911, noman gyaɗa ya bunƙasa, ɓawonta ya zama makamashin masu ƙuli-ƙuli. Gona ce ta yi asara, domin abin da ke koma mata toka ce kawai cikin takin da jakuna ke kaiwa.