Right to Dream: Makarantar da Ta Raini Kudus na Nima

Duk wanda ya tashi a unguwar Nima ko Mamobi a Akara ya san ƙwallo 'yar gida ce a zango. Dattawa har gobe suna ba da labarin Mohammed Polo, ɗan Nima da ya riƙa wujijjiga masu tsaron baya a rigar Hearts of Oak, yana kuma cikin Black Stars da suka ci kofin Afirka a 1978. Bayansa an yi gwanaye da yawa a filin Kawukudi da lungunan unguwa, amma akasarinsu a nan tauraronsu ya dushe, domin ba wanda ya riƙe hannunsu. Wannan giɓin ne makarantar Right to Dream ta zo ta cike, kuma yanzu da ta haura shekara 25 ya dace 'yan zango su san asalinta.

A 1999 wani matashin Bature ɗan Ingila, Tom Vernon, ya tara yara 'yan ƙalilan a Akara ya fara horar da su. Ba shi da fili nasa, ba shi da wata dukiya. Abin da ya gani shi ne yara masu baiwa da ke buga ƙwallo da yunwa a cikinsu, da yawansu sun daina zuwa aji. Sai ya ɗora aikin a kan ƙa'idar da ba ta canza ba har yau: yaron da aka ɗauka ba ya biyan ko sisi, za a ciyar da shi, a ba shi wurin kwana, a sa shi a aji, kuma ba za a sallame shi don ya ji rauni ko don ƙafarsa ta yi sanyi ba. Wanda ya san yadda dillalan bogi ke karɓe kuɗin iyaye da alkawarin kai ɗansu Turai zai gane nauyin wannan ƙa'ida. Vernon ya yi wa Manchester United aikin farautar 'yan wasa a Afirka, wannan ya buɗe masa ƙofofi, amma shekarun farko na faɗi-tashi ne da neman taimakon masu hali. Cikin yaran farko akwai King Osei Gyan, wanda ya je Fulham, daga baya ya dawo ya yi wa makarantar aiki.

A 2010 makarantar ta koma mazauninta na Old Akrade, a bakin kogin Volta, inda filaye da azuzuwa da ɗakunan kwana suka kasance wuri ɗaya. A 2013 aka fara ɗaukar 'yan mata.

A wannan tsakanin ne aka gano Mohammed Kudus. An haife shi a Nima a 2 ga Agusta 2000, ya fara ƙwallo a Strong Tower, ƙaramar ƙungiyar yara ta unguwa. Yana da kimanin shekara 12 ya tafi Akrade. Shekara shida ya yi a can yana karatu yana atisaye, nesa da hayaniyar kasuwar Nima. Sa'ar da ya taka ita ce a ƙarshen 2015 Vernon da abokan tafiyarsa suka sayi ƙungiyar FC Nordsjælland ta ƙasar Denmak. Duniya ta saba ganin ƙungiyar Turai ta buɗe makaranta a Afirka. A nan kuwa makarantar Afirka ce ta mallaki ƙungiyar Turai. Dokar FIFA ta hana kai yaro wata ƙasa kafin ya cika 18, don haka da zarar ɗalibi ya kai, akwai gida da ke jiransa, da masu horarwa da suka san salon wasansa. Kwanaki kaɗan bayan Kudus ya cika 18, a Agustan 2018, ya buga wasansa na farko a gasar Denmak. Ajax ta saye shi a 2020, West Ham a 2023, Tottenham a 2025. Ranar da ya zura ƙwallo biyu a ragar Koriya ta Kudu a gasar kofin duniya ta 2022, Gana ta ci 3 da 2, Nima ba ta yi barci da wuri ba. Ta wannan hanya ta Denmak ce Kamaldeen Sulemana da Ernest Nuamah da Simon Adingra na Kwaddibuwa suka bi.

Ni dai hanya ta biyu ce ta fi burge ni, kuma ita aka fi mantawa da ita. Ba kowane yaro ne zai zama Kudus ba, makarantar ma ta san haka. Shi ya sa take neman wa ɗalibai gurbin karatu kyauta a manyan sakandare na kwana a Amurka da Ingila, daga nan su wuce jami'a suna bugawa ƙungiyar jami'ar. Emmanuel Boateng ya buga wa jami'ar Kalifoniya ta Santa Barbara kafin ya kai LA Galaxy. Abu Danladi ya buga wa UCLA, a 2017 kuma shi aka fara zaɓa a zaɓen sababbin 'yan wasa na gasar MLS ta Amurka, Minnesota United ta ɗauke shi. Ousseni Bouda na Burkina Faso ya yi Stanford. Wasu da ba a jin sunansu a rediyo sun fito da digiri, suna aiki, suna riƙe da gidajensu. Ga uwar da ke sayar da tuwo ko koko a bakin titi, wannan ba ƙaramin rabo ba ne.

An yi surutai, gaskiya ne. A 2018 jaridun Turai sun tayar da maganar alaƙar makarantar da Manchester City, wadda ta ɗauki wasu ɗalibai ta yi ta ba da su aro. Sai dai a tuna cewa ciyar da yara da ilmantar da su kyauta tsawon shekaru yana cin kuɗi. Tun da attajirin Masar Mohamed Mansour ya zuba jari a 2021, makarantar ta tsaya da ƙafarta: an buɗe reshe a Masar, sannan San Diego FC, wadda ke cikin gidan Right to Dream, ta shiga gasar MLS a 2025.

Kowace sabuwar kaka masu farautar makarantar suna zagaya Gana da maƙwabtanta, su kalli dubban yara, su ɗauki 'yan kaɗan. Nima da Mamobi suna da yaran da za su iya shiga wannan sahu, in an shirya su. Aikin yana kan masu horar da ƙananan ƙungiyoyi irin Strong Tower, waɗanda ke saye wa yara takalma daga aljihunsu, da kan sarakunan zango da malamai da 'yan kasuwarmu. A gyara filaye, a tallafa wa masu horarwa, a kuma tabbatar yaron da zai je gwaji ya iya karatu da rubutu, domin a makarantar ana duba kansa da halinsa kamar yadda ake duba ƙafarsa.